Takalman Ƙofar Lambu

Hinokami, 27 ga Oktoba

Zuwa ga matata Fumie,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya 'yarmu Chinatsu da ƙarfin jiki? Yaya jikan namu, ya fara barinku ku runtsa? Ki gaishe mini da surukinmu, ki ce ina yi masa sannu da hidima. Tunda kin kafa mini doka kada in riƙa kira ina tayar da jariri da ƙarar waya, ga ni na koma takarda da alƙalami, kamar zamanin da nake neman aurenki.

Ni dai lafiyata lau, kuma ina cin abinci, kada ki damu. Miyar miso ce har yau ban gane kanta ba, ko dai ta tsinke ko gishiri ya yi yawa.

Na gama aikin nan da ya hana ni sakat. Kin san majalisar gari na shawarar rufe reshen laburarenmu na ƙauyen Kurumidani, tsohon gidan nan na likita da iyalinsa suka bayar aka mayar ɗakin karatu. Aka ce kafin a yanke hukunci a kawo hujja, ba ra'ayi ba, ni kuwa kin san nan ne wurin da nake da baki. Na kafa na'ura a ƙofar shiga, wata uku tana ƙirga duk wanda ya wuce. Na tattara bayanan aron littafi. Don kada a ce na manta da masu karatu a wurin, na ajiye tebur mai taya a tsakiyar ɗaki, na rubuta da manyan haruffa cewa duk wanda ya gama da littafi ya bar shi a kai, kada ya mayar kanta.

Abin da ya fito babu daɗin ji. Mutum shida ke shiga a rana, littafi biyu ake ara, teburin kuwa ko takarda ɗaya ba a taɓa ɗora masa ba. Na rubuta cewa a rufe wurin a ƙarshen Maris, na buga hatimina, na miƙa wa shugabana Tachibana-san. Ya yaba ƙwarai, ya ce wannan rahoto ya isa mutum ya yi ritaya a kansa da alfahari. Majalisa za ta zauna ranar sha takwas ga Disamba.

Jiya na je na sanar da Iwaki-san, dattijuwar da ke kula da reshen shekara ashirin da biyu. Na ce gara ta ji daga bakina. Ta saurare ni har na gama, ta rusuna, ta kira ni da sunan gidanmu haɗe da sensei, wato malam, ta ce, "Kajiwara-sensei ya fi mu sanin lissafi." Daga nan ta shiga ciki ta ɗauko mini kabewa guda, babba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi, gaskiya. Haka na rungumo kabewar nan a bas har gida, ban ma san yadda ake dafa ta ba.

Abu ɗaya ne yake ɗan sosa mini rai. Kafin bas ya zo na ɗauki jaridar ranar a ɗakin karatun, na ji ta yi laushi, gefenta duk ya lanƙwashe. Jaridar da mutum shida suka taɓa ba ta yin haka, shekara talatin da huɗu ina wannan aiki na san wannan. Wataƙila danshin kwarin da ƙauyen yake ciki ne.

Ki riƙa sa rigar sanyi, Sendai ba kamar nan ba ce.

Mijinki,
Noboru

Hinokami, 9 ga Nuwamba

Maman Chinatsu,

Ina gaishe ki, ina gaida mai jego da angon ƙarni. Na ga hoton jikanmu Itsuki. Kin ce hancina ya ɗauko, to ki ba shi haƙuri a madadina.

Wasiƙarki ta iso, na kuma bi yadda kika ce da kabewar, ta yi daɗi. Amma layin ƙarshen nan da kika rubuta kamar da wasa, shi ya hana ni zama. Kika ce, "Ranar da ka zo neman aurena ta ƙofar gaba ka shiga gidanmu. Bayan an ɗaura, ta ina kake shiga?" Na yi tsaki da farko, na ce matar nan ta fara. Sai na tuna marigayin babanki a zaune bakin baranda, maƙwabta na zagayowa ta lambu suna zama kusa da shi, ba wanda ya taɓa buga ƙofar gaba in ba baƙo ko mai ta'aziyya ba.

Shekaranjiya Talata na hau bas ɗin farko, ban gaya wa kowa ba, ban sa kwat ba. Na isa ƙarfe goma. Na leƙa na'urata, tana nuna biyu. Sai na bi 'yar hanyar da ta kewaya ta gefen lambu, wadda sau takwas ina zuwa wurin ban taɓa taka ta ba.

Fumie, takalma! A kan faffaɗan dutsen da ke ƙasan baranda da kewayensa, an jera su tsaf, kowanne bakinsa na kallon waje. Na roba masu taɓon gona, na yadi, da sanduna huɗu a jingine. Na ƙirga sau biyu, takalman mutum ashirin da uku. Na ɗaga kai, ga masu su a kan tabarma, an zuge ƙofofin baranda, kowa da abin karatunsa. Wasu mata uku sun haɗa kai a kan littafin saƙa suna gardama ƙasa-ƙasa. Ban san lokacin da na zauna a kan dutsen ba.

Da suka gan ni sai wasu suka fara naɗe kayansu. Wani tsoho mai suna Gonda-san, wanda ya yi shekara arba'in yana saran itace a tsaunukan yankin, shi ne ya buɗe baki. Ya ce, "Ah, mai na'ura ne. Yau ba ka aiko ka ce za ka zo ba, ai da mun ba ka wuri." Ashe duk ranar da na buga waya na ce ina tafe, Iwaki-san sai ta sanar da su, su kuma su zauna a gida don kada su dami baƙo yana aikinsa. Sau takwas suna share mini wuri don girmamawa, ni kuma sau takwas ina rubuta cewa ba kowa.

Na tambaye shi batun teburin. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "In gama da littafi in bar wa Iwaki-san ta kwashe? Matar da ke fama da gwiwa? Haba sensei, uwata ba haka ta rene ni ba." Wata tsohuwa ta ce ita ta zaci teburin na sayarwa ne, har tana goge shi. Da na ce to me ya sa ba sa ara su tafi da shi gida, Gonda-san ya ce, "In na karanta a gida, wa zan ba labarin? Kyanwa?"

Mutum shidan nan kuwa da nake taƙama da su, Iwaki-san ce in ta buɗe da safe da in ta fita shara, sai mai kawo wasiƙu, sai direban da ke kawo kaya. Wani lokaci har da ni kaina.

Na ja Iwaki-san gefe, raina a ɓace, na ce don me ba ta gaya mini ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na ga sensei ya sha wahalar kafa na'urar, ya auna, ya ɗaure, har ya yanke a yatsa. Ta yaya zan ce masa ba nan ba ne?" Na so in yi faɗa, amma da wa? Wata uku ban tambayi mutum ɗaya ko tambaya ɗaya ba. Kunya ce ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma har yanzu ba ta sake ni ba.

Rahoton yana hannun majalisa da hatimina a kai. In na yi shiru, a ƙarshen Maris za a sa wa gidan nan kwaɗo, mutanen nan su rasa wurin zuwa, saboda ni. Na san kina dariya. Ki yi, kin ci.

Naki, mai taurin kai,
Noboru

Hinokami, 1 ga Disamba

Fumie tawa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka. Kin ce Itsuki ya yi ɗan mura, ina fatan ya warware. Ke kuma bayanki fa? Kada ki riƙa ɓoye mini, na san halinki.

Na je wa Tachibana-san da maganar. Ya rufe ƙofar ofis, ya ce, "Kajiwara-san, saura maka wata huɗu ka yi ritaya. Wa zai sani? Ka janye rahoto, ka jawo mana abin kunya duka, kai kuma abin da za a tuna ka da shi ke nan." Ba mugun mutum ba ne, kin san shi, tsoro ne kawai. Ni ma ba zan ɓoye miki ba, kwana biyu na yi ina juya maganarsa, don ta yi mini daɗi. A rana ta uku na koma na ce ya ba ni sati uku in sake ƙirga. Ya ce in yi, amma ni zan tsaya gaban majalisa da bakina.

Yanzu kullum ina Kurumidani. Na zama mai gadin takalma. Duk bayan awa ɗaya in fita in ƙirga na kan dutse, in dawo in ƙirga kawuna, in rubuta duka biyun. Batun littattafai kuwa na daina faɗa da tarbiyyar mutane. Na ajiye kwalba a ƙarshen kowace kanta, da kwanon jan wake a tsakiya. Wanda ya mayar da littafi ya jefa ƙwaya ɗaya a kwalbar kantar. Wannan ya yi musu, don ba su bar wa kowa aiki ba. Da la'asar ni da Iwaki-san mu zazzage mu ƙirga. Kuma ina zama da su ɗaya bayan ɗaya, ina tambaya ina rubutawa, ina shan koren shayi har cikina na ƙugi.

Sai ranar Alhamis suka so kashe ni da raina. Na fita ƙirgar ƙarfe sha ɗaya, na sami takalman mutum talatin da tara, kawuna kuwa ashirin da shida. Na duba da kyau, ga takalman makaranta na yara, a ƙauyen da aka rufe makarantarsa shekara goma. Ga wani dogon takalmi mai tsini, ja wur, wanda ba na jin akwai mai iya taku biyu da shi a ɗakin. Na kwaso su na jera a baranda, na ce, "Masu waɗannan su fito in gaishe su." Kowa ya sa hanci a littafi. Can Gonda-san ya yi gyaran murya ya ce, "Wataƙila sun zaga ne." Sai dariya ta ɓarke, wata har da hawaye.

Ni ban yi dariya ba, Fumie, faɗa na yi sosai. Na ce na riga na yi musu ƙarya sau ɗaya da kuskure, ba zan ƙara da gangan ba. Na ce in aka kama takalmi ɗaya na bogi, na gaskiyar ma ba wanda zai yarda da su. Gonda-san ya ce, "Taimakonka muka so yi, ganin ka rame." Na ce na gode, amma su taimake ni da zuwa da ƙafafunsu kawai. Na soke ƙirgar ranar gaba ɗaya, na rubuta dalili. Kowa ya kwashe nasa a jaka yana sunne kai.

Da aka watse sai na ga saura ɗaya a gefen dutsen, ƙananan takalman yadi na mace, masu launin toka. Na ɗauka zan tambaya, Iwaki-san ta riƙe mini hannu. Ta ce wannan ba ya cikin wasan. Na matar Gonda-san ne, tare suke zuwa kullum, ita ke karanta masa jarida don idonsa ya yi rauni. Shekara biyu ke nan da ta faɗi a ɗakin nan, masu motar asibiti suka fita da ita ta ƙofar gaba, ba ta sake dawowa ba, takalman suka zauna a inda ta cire su. Shi bai ɗauka ba, ba kuma wanda ya ce ya ɗauka. Kullum kusa da su yake ajiye nasa. Yanzu bi da bi ake karanta masa jaridar.

Na mayar da su yadda suke. Sai na gane dalilin da ƙirgar takalmana ke ɗara ta kawuna da ɗaya tun ranar farko, ina ta zargin idona. Na koma na cire ɗaya daga kowace rana.

Ba duk abin da na samo ne mai daɗi ba. Ranar Asabar wurin kusan fayau yake, kowa na jiran 'ya'yansa daga birni. Ba mai ƙasa da shekara sittin a cikinsu. Kantoci tara cikin sha huɗu kwalabensu ba ko ƙwaya. Iwaki-san ta roƙe ni in bar wannan a waje, na ce a'a, duka zan rubuta. Ta yi fushi da ni yini guda, shayin ma da sanyi ta kawo mini.

Ki sa mu a ranki ranar sha takwas. Ina jin tsoro, ke kaɗai zan iya gaya wa.

Mijinki,
Noboru

Hinokami, 21 ga Disamba

Zuwa ga Fumie, kakar Itsuki,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kun tashi lafiya, ke da yaran duka. Nan dusar ƙanƙara ta fara sauka jiya. Na nemo bargon nan mai kauri, yana inda kika ce, bayan na birkice ko'ina ban da nan.

Na san kin ƙosa, to ga yadda aka yi. Na sa baƙar kwat ɗina, na shiga zauren majalisa da kwali cike da kwalabe. Kafin komai na tsaya na ce rahotona na farko kuskure ne, kuma laifina ne ni kaɗai, na kafa na'ura a ƙofar da mutanen wurin ba sa bi, ban tambayi kowa ba. Na rusuna na daɗe, har bayana ya amsa.

Sannan na faɗi abin da na samo. A kwana sha huɗu da na ƙirga, mutum ashirin da bakwai ne ke zuwa a rana in an daidaita, a ƙauyen da bai kai mutum ɗari biyu ba. Na jera kwalaben a tebur, na noma da na lafiya da na tarihin yankin sun cika, tara kuwa wayam. Na faɗi na Asabar, na faɗi rashin matasa. Na ba da shawarar a daina buɗewa Asabar, a riƙa buɗewa da wuri sauran ranaku, a kwashe kantocin da ba a taɓawa a kawo littattafai masu manyan haruffa, don mutum sha tara sun ce mini rubutu ya yi musu ƙanana.

Akwai wani ɗan majalisa da tun farko shi ke kan gaba wajen rufewa, mutum mai kaifin ido. Ya ce, "Wanda ya yi kuskure jiya, me zai sa mu yarda da shi yau?" Ya ɗauki hoton dutsen da na haɗa a rahoton, ya sa bakin alƙalami yana ƙirgawa a fili. Ya ɗago ya ce, "Ka rubuta ashirin da biyar a ƙasan hoton nan. Ni ashirin da shida na gani. Wani kuskuren ne?"

Na ce ba kuskure ba ne, na ba su labarin takalma masu launin toka. Na ce mai su ba ta cikin masu zuwa, don haka ban ƙirga ta ba, amma ban ga ina da ikon kawar da su don ɗaukar hoto ba. Ya daɗe yana kallon hoton. Sai ya ajiye alƙalamin ya ce, "Ka sami ɗaya a ɓagas ka ƙi ɗauka. To, na yarda da sauran."

Fumie, ba za a rufe ba. An ba reshen shekara biyu a kan sabon tsarin, sannan a sake ƙirga. Ba har abada ba ne, na sani, kuma mutanen nan tsufa suke yi. Amma Tachibana-san da kansa ya ce a bi sauran rassa uku a duba ta inda mutane ke shiga kafin a yarda da wata na'ura, ya kuma tambaye ni ko zan koya wa ma'aikata dabarar waken kafin in tafi. Waken kansa Iwaki-san ta ce ba za a yi asararsa ba, za ta wanke ta dafa shi da shinkafa a raba.

Jiya na kai musu labari. Don sabo, na nufi ƙofar gaba na danna ƙararrawa. Iwaki-san ta buɗe, na gaya mata, ta rufe fuska da hannu biyu ta yi kuka, ni ma na kau da kai. Da ta share ido sai ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tare ƙofar da jikinta. Ta ce, "Kajiwara-san, wa ya rasu? Ko aure ka zo nema? Zagaya mana kamar kowa." Ta rufe ƙofar a fuskata.

Na zagaya ta lambu cikin ƙanƙara. Gonda-san yana bakin baranda, ya sa sandarsa ya matsar da takalminsa, ya buɗe mini wuri a kan dutsen. Ya ce, "Yi sauri, yau kai ne da karatun jarida, kuma ka ɗaga murya, ba rahoto kake karantawa ba." Na cire nawa na juya bakinsu waje. Kafin in zauna na ɗauki takardar ƙirga na ƙara ɗaya, wannan karon da gaskiyata.

Da na dawo gida na tsaya a ƙofarmu, sabon hali ya sa na ƙirga. Takalman mutum ɗaya, yau wata biyu da rabi. Wannan adadi bai yi mini ba ko kaɗan, kuma na duba ta kowace ƙofa, babu kuskure a ciki. Ina kewarki ƙwarai, na faɗa, ki ajiye takardar ta zama hujja. In Chinatsu ta warware ki dawo, akwai inda nake so in kai ki, na riga na ga gurbin da naki za su zauna a kan dutsen, kusa da nawa.

Ki sumbaci mai hancin nan a madadina, ki gaida iyayensa. Ki huta lafiya.

Ni ne mijinki mai jiranki,
Noboru